Aski Kafin Jika Ta Iso

"Wallahi ba za ka sa masa reza a fuska ba," in ji matar Tela, ta tare ƙofar ɗakin da jikinta. "Da kunnenka ka ji abin da likita ya ce."

Mai aski ya tsaya a tsakar gida da 'yar jakarsa a hammata. Ya ji kuwa, tun da shi ya raka su asibiti ranar. Sankarar jini ta cinye abin da ke sa jini ya daskare a jikin Tela, ko ƙwarzane ya samu ba ya tsayawa da wuri.

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta fito. "Bar mahaucin nan ya shigo, ni na aika a kira shi."

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, shagunansu ma suna manne da juna a bakin titi. Mai aski yana kiran Tela Gobe-ka-dawo, don bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba. Shi kuwa sunan mahauci da Tela ya laƙaba masa bai daɗe ba. Wata bakwai da suka wuce reza ta ɗan taɓa Tela a ƙarƙashin kunne, yankan da bai kai tsawon farce ba, amma jini ya jiƙa tawul biyu bai tsaya ba. Ta haka aka gano ciwon. Tun ranar mai aski yake juya abin a ransa. Da hannunsa bai goce ba, wataƙila da Tela ya yi watannin nan a kan kekensa yana wa mutane ƙaryar gobe, babu allura babu amai. Wataƙila kuma da tuni an binne shi. Har yau bai san ko alheri ya yi wa mutumin nan ko cuta ba.

Matar ta matsa, ba don ta yarda ba. Tela yana jingine da filo uku. Hannayensa duk tabon jini ne da ya kwanta a ƙarƙashin fata. Keken ɗinkinsa na kusa da taga, an rufe shi da tsohon zane. Tun da aka dakatar da maganin da ya zubar masa da gashi, gemunsa ya dawo, fari, tsilli-tsilli, mai tauri kamar buroshin wanki.

"Gobe-ka-dawo, yaya ƙarfin jiki?"

"Ga shi nan, sai godiya. 'Yata Auta na hanya, da la'asar za su iso. Da jaririyar za ta zo, wata uku ke nan ban sa ta a idona ba. Fito da kayan aiki."

"Kilifa na kawo, yanzu zan kwashe maka shi tas."

"Tas ɗin me? Kilifa ƙaya take bari." Ya huta, ya ja numfashi. "So nake in ɗora kumatuna a kan nata. In na soke ta ta yi kuka, shi ke nan abin da za a riƙa ba ta labari: kakanki sau ɗaya ya ɗauke ki, kika tsala ihu."

Mai aski ya dubi matar. Ta girgiza kai, idonta ya cika. Sai wata dabara ta faɗo masa. Ya buɗe askar a inda Tela ba zai gani ba, ya nuna mata gadon bayanta, wajen da ba kaifi. Ta gane, ta sunkuyar da kai.

Ya ɗaura masa tawul a wuya, ya kaɗa sabulu da ruwan ɗumi, ya shafe fuskar da kumfa. Tela ya lumshe ido. Mai aski ya shiga jan bayan aska a hankali daga kunne zuwa haɓa, yana kwashe kumfa yana gogewa, yana ba shi labarin titi: an sake haƙa kwalbati, mai gyaran rediyo ya sayi tabarau ya daina gane mutane.

"Mahauci."

"Na'am."

"Shekara talatin kana aske ni, ka zaci ban san kukan reza a kan gashi ba? Wannan ba ta kuka." Bai buɗe ido ba. "Likita ya ce ana samun sauƙi. Ita wannan kullum sai ta ce na yi ƙiba. Na yafe musu, tsoro suke ji. Amma har da kai?"

Hannun mai aski ya tsaya a sama. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana koyon aiki. In ya juya askar, yana iya zama ajalin abokinsa kafin jikar ta iso. In ya ƙi, ya zama na uku a masu yi masa ƙarya, kuma shi kaɗai ne Tela bai yafe wa ba.

Matar ce ta fara motsi. Ta fita, ta dawo da auduga da ƙanƙara a kwano, ta ajiye a gefen gado. Ta yaye labule haske ya cika ɗakin. Sannan ta zauna ta tallafi kan mijinta da hannu biyu.

"In ka yanke shi, ni da kai ne," ta ce. "Kai kuma Malam, ko tari ka yi sai na saɓa maka."

"Ka ji ta ko?" in ji Tela. "Da haka na rame."

"Rufe baki," in ji mai aski. Ya sa sabuwar reza, ya yi bisimilla.

Askin da yake yi cikin minti goma ya ɗauke shi kusan awa guda. Fatar ta yi laushi, ta saki, sai ya ja ta da yatsa biyu kafin ya ɗora kaifi. Ba a jin komai sai ɗan kukan reza, da numfashin mutum uku. Da ya zo ƙarƙashin kunne, inda tsohon tabon yake, ya dakata, ya ƙara jan fatar, sannan ya wuce.

Ya goge fuskar da ruwan ɗumi. Matar ta duba dama, ta duba hagu, ta duba tawul. Tela ya shafa haɓarsa da bayan hannu.

"Ashe ka iya aski," ya ce. "Gobe ka dawo ka karɓi wandonka."

"Wandon da na ba ka tun bara?"

Da la'asar mai aski yana tsakar gidansa ya ji tsayuwar mota, ya ji sallamar Auta. Ya matsa jikin katanga ya kasa kunne. An yi ta gaishe-gaishe, sannan gidan ya yi tsit na tsawon lokaci. Bai ji kukan jaririya ba.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Tela ya cika.

Sai da aka yi mako mai aski ya buɗe shago. Ya share gaban nasa, ya zarce ya share gaban na Tela. Da ya zazzage jakarsa a kan tebur, tawul ɗin ranar ya faɗo a naɗe, fari fat, sai ɗan farin gashi da ya maƙale a jiki. Ya ɗaga shi zai kakkaɓe, sai ya fasa. Ya mayar da shi yadda yake, ya ɗora a kan kanta kusa da madubi.