Jar Ƙasa a Takalmi

Kafinta yana riƙe da kofi a bakin maƙwabcinsa mara lafiya sa'ad da abokin aikin mara lafiyan ya yi sallama. Ashe dai mutumin bai manta hanyar gidan ba.

Mai Macizai, kamar yadda 'yan layi ke kiran mara lafiyan, duk damina yakan shiga fadamar bayan gari ya shimfiɗa tsofaffin kwanonin rufi cikin ciyawa. Da safe ya ɗaga, ya auna macijin da ya samu a ƙarƙashi, ya sake shi. Bana ciwon hanta ya kwantar da shi tun ruwan fari. Sai ya kwatanta wa abokin nan kowane rami, har da tsohon surin da mesa ke ƙyanƙyasa a ciki, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba, don a kare wurin.

Kafinta ya san motocin haƙa sun riga sun shiga fadamar, za a yi gini. Shi da matar gidan sun ƙulla a bar bawan Allah ya tafi bai ji ba.

Baƙon ya zauna bakin gado yana ta zuba: wai komai lafiya lau, mesar ta yi ƙwai, kwanoni na nan inda aka bar su. Ko idonsa bai ƙifta ba! Kafinta ji yake kamar ya shaƙe shi.

Mara lafiyan kuwa idonsa na kan takalman da baƙon ya cire a bakin ƙofa, duk sun yi jar laka.

"Ƙasar fadama baƙa ce," ya ce a hankali. "Jar tana can ƙasa, sai an haƙa."

"Yaya, wallahi umarnin daga sama ya zo," in ji baƙon.

"Surin fa?"

Baƙon ya sunkuyar da kai. Wai leburori ne suka ƙi shiga sai an gama da surin, shi dai nunawa kawai ya yi.

"Maƙwabci, juya ni bango."

Kafinta ya juya shi. Babu nauyi ko kaɗan. Haka mara lafiyan yake fuskantar bango har ya cika washegari da hantsi.

Da mutane suka watse, matar ta fito shara. A bakin ƙofa jar lakar ta bushe, sawu biyu. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, tana kallo.