Askin Noboru

Tun ranar da aka jefa bam a Hiroshima, Tomiko ta fara jin tsoron sana'arta. Garinsu yana can bayan duwatsu, tafiyar rabin yini a ƙafa, amma duk da haka ƙarar ta farfasa tagogi, ta tsattsaga madubin shagon askinta. Ɓari guda ne ya rage a bango, wanda da ƙyar mutum zai ga idonsa da hancinsa a ciki.

Waɗanda suka ƙone, kowa ya ga ƙunarsu. Waɗanda suka fi tayar mata da hankali su ne masu fitowa daga birnin ba ko ƙwarzane. Mutum zai dawo gida ana murna, ya ci dankalinsa, ya yi dariya, har ya shiga gona. Bayan 'yan makonni sai gashin kansa ya fara bin mataji. Daga nan jajayen ɗigo su feso masa a fata, dasashi ya kama jini, sai kuma a ji ana kuka a gidansu. Likitan garin ma bai san sunan cutar ba, mutane dai suna cewa gubar Walƙiya ce, sunan da suke kiran bam ɗin da shi ke nan. Mai aski kuwa shi ne farkon mai sani. Tomiko ta sha riƙe kan mutum a hannunta, yana ba ta labarin shukar da zai yi baɗi, ita kuma ta riga ta ga abin da ya maƙale a mataji.

Shi ya sa ta yi ta kauce wa kan ƙanenta Noboru.

Shi kaɗai ya rage mata. Iyayensu sun rasu tun yana ƙarami, ita ta raine shi, mijinta kuma ya tafi yaƙi a tekun kudu bai dawo ba. Da aka ɗauki Noboru soja, sai aka sa shi cikin masu ƙananan kwalekwalen katako da ake cika wa nakiya, a ce mutum ya tuƙa ya je ya daki jirgin abokan gaba, shi da jirgin su tashi tare. Da tsakiyar damina aka aiko mata da ɗan ƙunshin takarda, ciki akwai gashinsa da farcensa, domin wanda ya tafi a irin kwalekwalen nan ba a samun abin binnewa. Ta ajiye ƙunshin kusa da allunan tunawa da mamata masu ɗauke da sunayen iyayensu, tana jiran labari. Sai bam ya faɗi. Aka kwashe su Noboru daga sansani aka kai su cikin birnin a ranar, suka yi fiye da mako suna ɗaukar masu rauni, suna ƙona gawarwaki, suna kwana a kan toka. Da yaƙi ya ƙare ya dawo gida da ƙafarsa, lafiya lau, da cin abinci kamar gara.

Rantsuwa ɗaya ya yi da ya dawo: aska ba za ta sake hawa kansa ba. Ya ce an yi masa ƙwal-kwabon da ya ishe shi a soja, yanzu gashi zai tara har ya tsaga shi gefe kamar ma'aikacin banki. Tomiko ta ji daɗin rantsuwar nan fiye da yadda ya zata.

Wata rana da safe, tana cikin wasa aska a jikin fata, sai ga shi ya faɗa kujera ya miƙe ƙafafu.

"Yaya, yau dai ba ki da mafita. Gobe zan je tashar jirgin ƙasa neman aiki, kin ga kuwa ba za su ɗauki bushiya ba. Gyaran gefe kawai, kada ki taɓa mini sama."

"Ka bari sai an jima mana, ba ka ga ina da mutum ba?"

"Wane mutum? Baba Hamaoka? Wanda kansa ya fi ƙwai santsi?"

Tsohon da ke zaune a benci bai ko murmusa ba. Hamaoka masaƙin tabarma ne, amma tun rasuwar 'yarsa Teruko bai sake taɓa aiki ba. Yarinyar tana karɓar kuɗin mota a taragon cikin birni ranar da abin ya faru, ta kuma dawo gida ba tabo. A kujerar nan ta zauna, Tomiko na taje mata kai, uban yana kan bencin nan yana kallo, gashin ya fara zubowa. Tun daga nan kullum da safe yake zuwa ya zauna, wai gida ya yi masa shiru da yawa. Kullum kuma sai sun yi musu da Noboru a kan magana ɗaya. Maza dai, ko gari ya ƙone ƙurmus, sai sun sami inuwar da za su zauna su tantance wanda ya fi gaskiya.

Tomiko ta yafa wa ƙanenta ƙyalle, ta ɗaure a wuya. Ta tsaya jinkiri wajen neman almakashin da ke gabanta.

"Baba," in ji Noboru, "jiya ka gudu ba ka ba ni amsa ba."

"Ni na gudu? Ruwa ne ya taso." Tsohon ya gyara zama. "Amsar ita ce ta kullum. Yaƙin nan ya riga ya mutu kafin su jefa abin nan. Ƙararrawar haikalinmu an sauke an narka. Tukwanen matanmu an karɓe. Saiwar itace muke haƙa wai a tatsi man jirgin sama. Wanda yake yaƙi da saiwar itace, ai ya gama. Da sun yi haƙuri kaɗan, da kanmu za mu faɗi."

"Kaɗan ɗin nan nawa ne, Baba? Wata ɗaya? Ni ba ni da wata ɗaya. An riga an ba mu giyar ban kwana. Ga Yaya nan, tambaye ta abin da aka aiko mata a takarda."

"Kada ku sa ni a ciki," in ji Tomiko.

"Ke ma ai kina ciki. Ba ke ce ake fitarwa filin makaranta da gora mai tsini ba, wai ki soke Ba'amurke mai bindiga? Baba, ka san manyanmu kuwa? Ni na zauna da su. Ko bayan an yi sanarwar miƙa wuya a rediyo, akwai hafsan da ya zare takobi ya ce mu shiga kwalekwale. Mutanen nan sai sun ga bayan kowa, har jarirai, kafin su ce sun gaji."

"To su jefa shi a teku mana! Su jefa a kan dutse, su ce ku leƙo ku gani. Sai a tsakiyar gari, da safe, yara suna hanyar makaranta? Kuma ba a gama kashe wutar nan ba suka ƙara wani a Nagasaki. Wannan ba neman ƙarshen yaƙi ba ne, sabon abu suka ƙera suna so su ga aikinsa."

Tomiko ta jiƙa tawul ta ɗora a kan Noboru. Ta ce wa kanta ai ba ya cikin birnin lokacin da Walƙiya ta haska, daga baya ya shiga. Ta lura wuyansa da ɗumi. Ta ce rana ce.

"Ni fa ban ce abu mai kyau ba ne," in ji Noboru, muryarsa ta ɗan sauka. "Da hannun nan na ɗauke su, Baba. Ka kama mutum a hannu, fatar ta biyo ka kamar safa. Har yanzu ba na iya cin gasasshen kifi. Amma idan ka ce in yi ƙarya, ba zan yi ba. Ba don bam ɗin nan ba, da yanzu kifaye sun gama da ni. Shi ya cece ni. Ga ni zaune, ina numfashi, gobe zan je neman aiki."

"Da ran 'yata aka sayi naka ke nan."

"Haba Baba, ban ce haka ba."

"Ka faɗa mana! Kullum faɗa kake yi, ba ka dai jin kanka ne."

Ta cire tawul ɗin. Ta fara daga gefen kunne, inda ya ce, almakashi yana tafiya daidai. Ta ɗan sami natsuwa. Sai ta sa mataji a ƙeya don ta kwantar da gashin, ta ja sau ɗaya, a hankali.

Gashin bai yi gardama ba. Ya taho gaba ɗaya kamar ciyawar da ruwa ya jiƙa, ya bar fili fari fat, faɗin kwabo, a bayan kan ƙanenta.

Tomiko ta dafa bayan kujera. Noboru bai ji komai ba, yana leƙen ɓarin madubi yana shafa gemun da bai gama fitowa ba. Ta dunƙule gashin a tafin hannu ta tura aljihun rigar aikinta. Da ta ɗaga ido, sai suka haɗa ido da Hamaoka.

Daga bencin nan babu abin da ba a gani. Tsohon ya ɗaga yatsa zai kawo wata hujja, bakinsa a buɗe, sai yatsan ya tsaya a sama. Ya san filin nan. Ya taɓa ganinsa daga daidai inda yake zaune.

Tomiko ta san abin da zai biyo baya. Gobe da safe Noboru zai tashi ya tarar da gashinsa a kan matashi, shi da ya ga abin da ya sami abokan aikinsa, ya kuma ji labarin Teruko. Zai zauna yana jan gashin kansa yana ƙirga kwanakinsa. Ba ta da maganin cutar, ba ta ma san ko duk wanda gashinsa ya fara zuba mutuwa yake yi ba, don an ce a wani ƙauye akwai wadda gashinta ya sake tsirowa. Abu ɗaya ne a hannunta, shi ne aska.

"Kai, Noboru!" ta ce, da ƙarfin da ya fi wanda ta yi niyya. "Ƙazami kawai! Ƙwarƙwata ce cike da kanka."

"Ƙwarƙwata? Ni? Ko ƙaiƙayi ba na ji."

"Har da ƙwayayensu. A haka za ka je tashar? Sai an aske shi duka."

"A'a, Yaya, na rantse fa! Wata biyu ina tara abin nan. Ki sa kananzir mana."

"Ina na ga kananzir a garin nan?"

"Baba, ka ji wani zalunci. Kai da kake ƙin zalunci, ka sa baki."

Hamaoka ya sauke yatsansa a hankali, ya ɗora hannun a gwiwa. "Ka bari ta aske," ya ce. "Daga nan ma ina hango su."

Noboru ya yi tsaki, ya yi ƙunƙuni a kan mutanen da ba sa son ganin saurayi ya yi kyau, sannan ya sunkuyar da kai. Tomiko ta shafa masa ruwan ɗumi, don sabulu ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Ta ɗauko askar.

"To Baba, mu koma kan maganarmu," in ji shi, kansa a ƙasa. "Ka ce su yi haƙuri. Na ce ni ba ni da lokacin haƙurin. Mece ce amsarka?"

Tsohon ya dubi ƙasa, inda gashi ya fara taruwa.

"Ka yi gaskiya, ɗana," ya ce. "Ya cece ka."

Noboru ya fashe da dariya. "Yaya, kin ji? Ki zama shaida! Yau Baba Hamaoka ya..."

Dariyar ta tsaya a hanya. Tun dawowarsa yake fafatawa da tsohon nan, tsohon bai taɓa sakar masa ko kalma ɗaya ba, kuma bai taɓa ce masa ɗana ba. Ya ɗago ido ya nemi fuskar yayarsa a ɓarin madubin, ita kuwa ta matsa gefe inda madubin bai kai ba. A hankali hannunsa ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen, ya nufi ƙeya.

Ta cafke wuyan hannun. Da zafi, kuma ba zafin rana ba ne.

"Zauna daidai," ta ce. "Aska ce a hannuna."

Ya bar hannun a cikin nata.

"Ƙwarƙwata ce ko, Yaya?"

"Ƙwarƙwata ce."

Ya mayar da hannun ƙarƙashin ƙyalle, ya sake sunkuyar da kai kamar lokacin da yake ƙarami tana yi masa wanka.

"To aske duka," ya ce. "Kada ki bar ko ɗaya."

Ta ɗora askar a goshinsa ta ja baya. A duk shekarunta na aski ba ta taɓa yin mai sauƙin wannan ba, domin kafin kaifin ya isa, gashin ya riga ya saki.