Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka kama Ƙasimu a kasuwar shanu ta Birnin Kudu, yana riƙe da igiyar wani farin sa. Daga rugarsu ta Dingaya ya koro shi zai sayar. Kafin dillali ya gama duba haƙoran san, sai ga wani manomi daga Sundimina, Ɗanladi, ya ɗora hannu a ka yana kururuwa wai sansa ne da ya ɓata. Saje Abdulsalami na ƴan sanda yana kusa. Bai tsaya tambayar kowa ba, ya danna wa Ƙasimu ankwa.

San kuwa na Hajjo ne, mahaifiyar Ƙasimu, ita ta ce a kai shi kasuwa a sayo hatsi. Amma ba da bakinta ta gaya masa ba, ƙanwarta Hapsatu ta aika. Ƙasimu ɗan fari ne, Hajjo kuma irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta amsa cewa ita ta haife shi. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa Hapsatu, ita ta raine shi, ita ta yi masa aure.

Ranar da Saje ya zo ruga bincike, Hapsatu ta tafi tallar nono Gwaram. Da ta dawo ta tarar da sawun mota a ƙofar gida, matan ruga suka ba ta labari. Saje ya zo da Ƙasimu a ɗaure, da wani ɗan jarida, Sabo, wanda ya biyo motar da abin ɗaukar hoto a wuya. Saje ya ce da Hajjo, “Inna, wannan ɗanki ne?” Hajjo ta ja mayafi ta juya baya, ta ce, “Ɗan Hapsatu ne.” Ya ce, “Ke kika ba shi sa ya sayar?” Ta ce, “Ni ban yi magana da shi ba.”

Hapsatu ta dire ƙwarya har ludayi ya faɗi. “Adda! A hannun hukuma kika gan shi, kika faɗi haka?”

“Ƙarya na yi?” in ji Hajjo, tana ci gaba da tankaɗe.

Ba a yi mako ba magana ta fito a jarida. Wani malamin makaranta ya karanta wa jama'a a kasuwar Gwaram, Hapsatu na tsugune da ƙwaryarta tana ji: an cafke gawurtaccen ɓarawon shanu, wanda ko uwar da ta haife shi ta ce ba ta san shi ba. Ga hoton Saje yana riƙe da igiya, ya ƙame kamar wanda ya kamo zaki. Jaridar ta ƙara da cewa haka mutanen daji suka saba. Da yamma rediyo ya maimaita. Matar da ta saba sayen man shanu a wurinta ta wuce kamar ba ta gan ta ba.

Ana cikin haka san Ɗanladi ya bayyana a fadamar surukinsa, yana kiwonsa lafiya lau. Hapsatu ta yi hamdala, ta hau motar itace zuwa Birnin Kudu don ta taho da ɗanta.

Saje ya ce ba inda za shi. “An sauya tuhuma. Yanzu san tsohuwa ya sata.”

“Wace tsohuwa?”

“Yayarki. Da bakinta ta ce ba ta ba shi ba.”

“Haba Saje! Kai ba a ƙasar nan aka haife ka ba? Ba ka san kunyar ɗan fari ba?”

“Ni kaina ɗan fari ne. Har gobe ‘wannan’ tsohuwata ke ce mini.” Ya sosa ƙeya. “Amma Inna, magana ta shiga jarida. Manya a Kano sun gani, har sun aiko da yabo. In koma in ce musu me?”

Ta iske Sabo a wurin mai shayi, ta ce ya je ya gyara abin da ya rubuta. Ya hura shayinsa ya ce, “Inna, wa zai sayi jarida don ya karanta ba a saci komai ba?”

Ta yi tsaki ta wuce.

Saura alƙali. Hapsatu ta koma gida ta tasa Hajjo a gaba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira ardo ya sa baki. Hajjo ta ce za ta je kotu, amma suna kam ba za ta faɗa ba. “In faɗi a gaban maza? Gobe da wane ido zan kalli matan ruga?”

“Da idon da za ki kalli ƙofar gidan yari in an kulle shi! Ƴaƴansa ke za ki yi musu kiwo?”

“Allah na nan.”

“Allah na nan, ya kuma ba ki baki!”

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil, kowa ya zo ganin ɓarawon jarida. Aka tsayar da Ƙasimu tsakanin wasu mutum biyu da ake tuhuma da wani laifin dabam. Ardo ya shaida tsagar kunnen san ta garken Hajjo ce. Hapsatu ta miƙe ta ce ita aka aika, Saje ya ce ba ita ce mai sa ba, alƙali ya ce ta zauna.

Alƙali dattijo ne mai furfura. Ya dubi Hajjo ya ce, “Baiwar Allah, na san al'ada, a gidana ma ana yi. Amma an ce kin musa a gaban hukuma, kuma duniya ta ji. Bakin da ya ɗaure shi ne zai kwance. San na waye?”

“Nawa ne, Allah ya gafarta malam.”

“Kin yarda a sayar?”

“Na yarda.”

“Wa kika yardar wa?”

Hajjo ta sunkuyar da kai, ta nuna gefen waɗanda ake tuhuma da haɓa. “Wancan.”

“Su uku ne. Wanne?”

Hajjo ta ƙara jan mayafi. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya. Hapsatu ta ji kamar ta tashi ta girgiza ta. Ta matso ta yi raɗa, “Adda, don girman Allah.” Masinjan kotu ya daka mata tsawa.

Saje ya gyara ɗamara ya ce, “Allah ya gafarta malam, ai an gani. Ba ta san shi ba. Ɓarawo ne.”

Hajjo ta ɗago kai. Mayafin ya zame, ba ta ko gyara ba.

“Kai ne ɓarawo, mai ƙatuwar hula! Ƙasimu ne! Ƙasimu ɗana, ni na haife shi, ni na ce ya sayar! Sai me?”

Kotu ta kaure da hayaniya. Alƙali ya ɓoye murmushi a gemu, ya gargaɗe ta kan zagin ma'aikaci, sannan ya ce a cire ankwa, a mayar wa mai sa da santa. Hapsatu ta waiga ta nemi Sabo, ba ya nan. Aka ce ya tafi ɗaukar hoton buɗe sabon gidan mai.

A waje Hajjo ta ƙudundune a mayafi ta yi gaba da sauri kamar wadda aka kora. Ƙasimu ya tsaya yana murza wuyan hannunsa, ƙaton mutum da gemu, hawaye na bin kumatunsa.

“Inna,” ya ce da Hapsatu, “kin ji yadda ta faɗe shi?”

“Na ji, duk Birnin Kudu ma sun ji. Share fuskarka, mutane na kallo. Wuce mu karɓo san tun Saje bai sake yi masa wani mai shi ba.”