Kaskon da Lazim Ya So Jefarwa

Jirgin ruwanmu na katako ne, aikinsa share nakiyoyin da Japanawa ke zubawa a mashigin tekun Penang lokacin yaƙi. Ƙarfe ne ke tayar da irin wannan nakiya, don haka aka hana mu shiga da shi, ko da cokali. Ni ne kuku, kuma duk wanda ya ce a soya shinkafa a kaskon sanholon da aka ba mu bai san abinci ba. Sai na ɓoye kaskon ƙarfen mahaifiyata a cikin buhun shinkafa.

Wata shida muna aiki lafiya kafin Lazim, shugaban ma'aikatan jirgin, ya gano.

Ya ce mini, "Wak Sarip, kashe mu za ka yi?"

"Wata shida kana lashe kwano, ka mutu?"

Ya rantse gobe Juma'a zai jefa kaskon a teku.

Da hantsin Juma'ar jirgin sama ya sako mana bam. Jirginmu ya nutse a hankali, mu goma sha tara muka yi iyo zuwa wani tsibiri, ba wanda ya rasu. Ni na iso ƙarshe, ina tura kaskona a kan ruwa, da shinkafa da ashana a ciki. Kwana huɗu shi ya ciyar da mu, kuma kullum Lazim ke fara miƙo hannu.

Shekara talatin ke nan yana cin abinci a shagona. Kowa cokalin ƙarfe nake ba shi. Lazim kuwa na katako, doka ce.