Mariƙin da Kawu Ke Ja

Kawuna ne ya kawo ni masana'antar sabulun. Shekara ashirin da shida yana kan injin kwaɓi a wurin, shi ya tsaya gaban manaja ya bugi ƙirji ya ce ɗan ƙanwarsa ya san draif kamar yunwar cikinsa. Draif wani akwati ne da ake sawa tsakanin wuta da moto, shi ke ƙara wa moton gudu ko ya rage masa. Na ɗaura ɗaya a injin Kawu, aka ce in ya yi kyau sauran injina ukun nawa ne.

Kwana tara ya yi ya ƙone. Na biyun bai ƙone ba, sai dai ya riƙa ɗaukewa sau uku sau huɗu a wuni, fuskarsa na nuna cewa moto ya ja wuta fiye da kima. Sabulu ya daskare a cikin injin, sai an sa shebur.

Manaja ba mai dogon zance ba ne. Ya ce min, "Ko dai aikinka ne, ko hannun tsohon nan ne. Jibi ina son in san wanda zan sallama."

Na yi duk abin da aka koya min. Na raba moton da draif ɗin na auna naɗin wayarsa, lafiya lau. Na auna layukan wuta uku, ba wanda ya fi wani. Na ɗaure kowane noti, na hure ƙurar da ke fanka, na ƙara wa moton daƙiƙun tashi don ya ɗauki kaya a hankali. Abin haushin, in ina tsaye a kai ina kunnawa ina kashewa, ko tari ba ya yi. Ina juya baya sai a kira ni. Wannan irin halin na fi saninsa a wurin 'yan adam, ban taɓa tsammaninsa daga akwatin ƙarfe ba.

Rana ta biyu na ajiye kayan aiki, na sami bokiti na kife bayan buhunan soda na zauna. Na yi niyyar ba zan taɓa komai ba, kallo kawai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sabulu ya manne a gefen injin, leburori biyu suka matso da abin kankara. Kawu bai ko kalli jan maɓallin tsayar da injin da na nuna masa ba. Ya miƙa hannu bango ya ja mariƙin tsohon makunnin da ke tsakanin draif da moto, ƙas! Moto ya tsaya. Draif kuwa bai san an raba shi da moto ba, yana nan yana tura wuta da cikakken gudu. Suna gama kankara Kawu ya mayar da mariƙin. Cikakkiyar wuta ta faɗa wa moton da ke tsaye cik da kaya a cikinsa, nan take draif ya ɗauke.

Na fi son a ce waya ce ta tsinke.

Na taso na ce, "Kawu, me ya sa ba ka danna maɓallin ba?"

Ya ce, "Maɓalli? Ka san Dogo mai gadin ƙofar baya? Ka taɓa tambayar inda hannunsa na dama ya tafi? A nan ciki ya bar shi. Maɓalli aka danna ranar, wani ya zo ya sake dannawa. Tun daga ranar ba mai sa hannu a injin nan sai na ji ƙarar mariƙin nan da kunnena. Kai dai gyara akwatinka."

Gaskiyarsa ce. Ba don ya gama da draif ɗin ba, da ni zan fara yaba masa.

Gyaran bai ci awa ɗaya ba. Na sa ɗan ƙaramin makunni a jikin mariƙin, na ja wayoyi biyu zuwa draif. Da an fara jan mariƙin, draif zai yanke wutarsa kafin a raba shi da moto, in an mayar kuma sai an danna koren maɓalli sannan ya tashi a hankali. Kawu ya ja sau biyar, ya ce, "To, ka ga yanzu ya yi hankali."

Washegari manaja ya ce, "Wa ke da laifi?"

Na san in na ce mariƙi, kalma ɗaya zai ji, tsoho. Kuma mai shekara sittin da aka sallama daga injin kwaɓi, ban san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Na ɗaura draif ban duba yadda ake tsayar da injin ba." Ba ƙarya na yi ba, rabin maganar dai na faɗa.

Ya ce sauran injinan wani zai kira. Ya yi min ciwo ƙwarai, don wata biyu ina zana wayoyinsu a kaina.

Kawu ya same ni a bakin ƙofa ina ɗaure jaka a bayan babur. Labari ya riga ya kai masa. Ya daɗe yana kallona, ransa a ɓace.

Ya ce, "Ka sa na ji kunya a gaban mutumin nan. Amma ba komai, ba zan gaya wa uwarka ba. Gobe in ka je wani wuri, ka riƙa sa ido a kan aikinka."

Na ce, "To, Kawu. Zan kiyaye."