Ɗan Farin Barakatu

Duk garin Ruwan Godiya an shaidi Barakatu da kunya. Tun da ta haifi ɗanta na fari, Abdulkarim, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Surukarta Hajiya Mero, wadda yaron ke kwana a ɗakinta, ba ta da abin fahariya a gidan biki da ya wuce wannan tarbiyya.

Ana nan sai aka turo wata ma'aikaciya, Mansura, daga Kankara. Gida-gida take bi da 'yar kwamfutarta tana yi wa yara rajistar inshorar lafiya, don hukuma ta san yawan waɗanda za ta yi wa magani kyauta. Barakatu ta ji daɗi har ranta, domin Abdulkarim na fama da sikila, ranar ma yana kwance a ɗakin kakarsa.

Mansura ta zauna a tsakar gida. Ga Hajiya kan tabarma tana tsinke zogale, ga maƙwabta sun leƙo kallo.

"Ɗiyanki nawa?" in ji Mansura.

Barakatu ta sunkuyar da kai. "Ukku."

Ta ambaci Sumayya da Nasir da Jabiru, ta tsaya tana jiran Hajiya ta cike mata sauran. Hajiya kuwa gani take uwa aka tambaya, me ya kai kaka ciki? Sai ma gyaɗa kai da ta yi, tana alfahari da surukarta. Mansura ta ɗauki hoton yara uku, ta hau babur, garin Sabuwa na jiranta.

Rahoto ya isa Katsina, ya sha yabo: ba yaron da aka bari a baya, ɗari bisa ɗari. Wani masani ma ya lura cewa matan yankin sun rage haihuwa da ɗa ɗaiɗai, ya ce wayar da kai ce ta fara aiki.

Da damina ta kankama, sanyi ya tayar da ciwon. Maigidanta ya tafi kasuwar Kankara, Hajiya ga ciwon gwiwa. Barakatu ta rungumi yaron bisa babur sai wani asibiti a Sheme.

Harisu mai rajista ya ce, "Ina katinshi?"

"Ba a ba shi ba."

"To mi ne sunanshi? In duba."

Ta waiga. Benci cike da mata, kuma ba wadda ta san yaron balle ta faɗa a madadinta. Yaron kuwa yana ta nishi a kafaɗarta.

"Abdulkarim," ta ce.

Harisu ya danna, ya sake dannawa. "Babu shi hwa. Nan ɗiya ukku gare ki. Ko ɗan riƙo ne?"

"Ɗana ne!" Har na bakin ƙofa sun ji. "Ni na haihe shi. Shi ne na hwari."

Harisu ya tausaya mata ƙwarai. Ya ce an riga an rufe rahoton bana, sai dai a sa shi a na baɗi, yau kam sai ta sayi maganin a waje.

Barakatu ta juya za ta fita, sai ta ji hannu mai zafi ya riƙe mata gyale. Yaron ya buɗe ido da ƙyar.

"Inna," ya ce, "ashe kin san sunana?"