Likkafanin Hisham

Tun ranar da aka bugo waya aka ce kwalekwalen masuntan da Hisham ke yi wa aiki ya kife a tekun Farasan, Shatu ba ta sa rai za ta ga ɗanta a raye ba. Gawarsa kawai take roƙo. Yaron da aka haifa a unguwar Mansur cikin Makka, ya yi rarrafe a gindin tandar wainarta, a ce ba za a sallace shi a Harami ba, ba zai kwanta a ƙasar Makka kusa da ubansa ba? Abin da ya hana ta sakat ke nan.

Maƙwabta suka yi ta ba ta baki, wai wanda ruwa ya ci shahidi ne. Faɗa da sauƙi, nasu 'ya'yan suna gida suna cin shinkafa. Ita dai ta sayo farin yadi a unguwar Misfala, ta jiƙa shi da zamzam ta shanya, ta cika jarka da wani zamzam ɗin, ta tasa 'yarta Manal a gaba suka nufi garin Jizan da ke bakin tekun.

Wani dattijon masunci, Hamad, shi ya ƙetarar da su zuwa ƙaramin tsibirin da abin ya faru a kusa da shi. Ba kowa a wurin. Yashi fari tas kamar gari, ruwa garau har ana ganin ƙananan kifaye na wasa. Kyan wurin ya ba Shatu haushi. A ganinta inda ya cinye mutum ya kamata ko kunya ya nuna.

Hamad ya sunkuyar da kai ya gaya mata masu nema sun daɗe da haƙura, igiyar ruwan nan ba ta cika mayar da abin da ta ɗauka ba. Shatu ta bi gaɓar tana leƙa gindin duwatsu har ƙafafunta suka kumbura. Takalmi wari ɗaya ta tsinta, shi ma ba nasa ba.

“Ummi, halas, ya isa haka,” in ji Manal a hankali. “Ruwa ya fara cikowa.”

“Haka zan bar shi? Ba wanka, ba sutura?”

Ta shiga ruwan da abayarta har gwiwa, ta tuttular da zamzam ɗin duka. Kafin ta ɗago jarkar ya ɓace cikin ruwan teku, ba ta iya nuna ko inda ya zuba ba. A nan ta yi kukan da ta riƙe tun daga Makka.

Da suka dawo, bayan la'asar aka yi shelar sallar gawa a Harami. Shatu ta miƙe ta sallaci 'ya'yan wasu. A gida ta ciro yadin daga jaka, ta kakkaɓe yashin da ya maƙale masa, ta ninke ta miƙa wa Manal.

“Adana min,” ta ce. “Ba za a yi asararsa ba.”